Ƙofar da ke Jiran Almakashi

A lokacin makullin yana aljihuna na dama. Wata bakwai ke nan. Ya huda aljihun, Umma ta ɗinke, ya sake hudawa.

Ni ne maigadin babbar ƙofar sabon ginin jami'a. Aikina in tsaya gaban ƙofar da ba a buɗewa, in tabbatar ba a buɗe ta ba. Shekarata huɗu da gama sakandare. Sau biyu ina neman shiga jami'ar nan, ba su ɗauke ni ba. A na uku suka ɗauke ni, suka ba ni kaki da kulki.

Ginin kam ba a magana. Hawa biyar, gilashi tun daga sama har ƙasa, ya fuskanci babban titi. Wanda ya zana shi ya san aikinsa, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Bas ta tsaya, ka sauko a rumfar jira, taku talatin ka kai ƙofa. Na ƙirga. Gefen matakala an yi gangare mai sauƙin hawa, da ƙarfen riƙewa dama da hagu, saboda masu keke da masu sanduna. Har rufi aka yi masa, kada ruwa ya taɓa mutum.

Sai dai akwai jan ƙyalle ɗaure a bakin ƙofar. Babban Baƙo ne zai yanka shi, shi kuwa bai samu sukuni ba tukuna.

Karatu ana yi a ciki. Ɗalibai sun haura dubu. Amma ta ƙofar masu kwashe shara suke shiga. Ka sauka daga bas, ka kalli babbar ƙofa, ka kalle ni, ka juya hagu, ka bi katanga har ƙarshenta, ka faɗa lungu. Lungun ya tashi daga babban titi ya ɓulle titin kasuwa, ƙofar shara tana tsakiyarsa.

Ba na son ba da labarin lungun nan, amma dole. Bututun banɗakunan ginin ya kamata a haɗa shi da babbar magudanar gari, wadda ke ƙarƙashin titin gaba. Haɗawar sai an tona kwalta. An ce ba za a tona ba sai Babban Baƙo ya ga titin da kyansa. Don haka aka karkata bututun cikin lungu, wai na ɗan lokaci. Banɗakin mutum dubu. Ruwan baƙi ne, da kumfa-kumfa a kai, ƙudaje kamar an yi gayyarsu. Ɗalibai suka jera duwatsu da guntayen katako suna tsallakawa, hannu ɗaya a hanci, ɗaya riƙe da littattafai.

Ƙanwata tana cikinsu. Auta muke ce mata. Ƙafarta ta hagu ta shanye tun tana shekara uku, da sanduna biyu take tafiya. Karo ɗaya ta nema aka ɗauke ta, lissafi take karantawa. Ita ba ta da hannun toshe hanci.

Kullum takwas saura kwata motar Dogo ke sauke ta. Dogo direban bas ne na layinmu, bakinsa ba ya shiru.

"Maigadin aljanu!" zai ƙwala mini ta taga. "Yau ma ba su fito ba?"

Nakan kau da kai.

Auta takan ɗan tsaya a gindin gangaren, ta dafa ƙarfen. "Yaya, ga ƙoshi ga kwanan yunwa," in ji ta. Sai ta yi dariya ta juya hagu.

Na sami Saje da maganar. Tsohon soja ne, shi ne shugabanmu masu gadi.

"Ranka ya daɗe, mutum ɗaya ce. In ɗaga ƙyallen ta wuce ta ƙasa, in mayar da kwaɗo."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai a gidanku ana sa hannu a kwano kafin maigida?"

"Ba kwano ba ne. Ƙofa ce."

"Ƙafar farko da za ta taka nan ta Babban Baƙo ce. Haka aka rubuto. In kana da ja, je ka yi da mai rubutun."

"Leburori sun taka. Masu goge gilashi kullum suna takawa."

"Waɗannan ba a lissafa su," ya ce. Ya ci gaba da sakace haƙori.

Sau uku ana sa rana. Kowane karo abu ɗaya ne. A zo da bokitan fenti a shafe bakin titi, baƙi da fari. A jibge tukwanen furanni. A canza ƙyallen don rana ta cinye wancan. A hana bas tsayawa kwana uku. Ana gobe sai takarda ta iso: an ɗage. A kwashe furannin a mota. Fenti ya hau kan fenti har bakin titin ya yi ƙiba. Ba wanda ya taɓa leƙa lungu.

Da yamma a gida Auta takan zauna bakin famfo da tsohon buroshi, tana wanke robar ƙasan sandunanta. Umma na tsaye da buta tana zuba mata ruwan zafi.

"Haƙuri dai, 'yar nan. Komai nisan jifa."

"Umma, wannan jifar ta maƙale a sama," in ji Auta.

Ni ina ɗaki ina jin su. Makullin na kan cinyata.

Da damina ta kankama Auta ta faɗi a lungu. Ban gani ba. Na dai ga ta dawo gaba wajen ƙarfe takwas da rabi, zanenta jiƙe har ƙugu, jakarta na ɗiga. Sanda ce ta zame a kan katako. Warin ya riga ta isowa. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

"Tare mini mota," ta ce.

Dogo ne ya dawo daga zagaye. Ya shimfiɗa mata kwali a kujerar gaba. Wani mai jakar ofis ya ja tsaki ya rufe hanci.

"Malam, in ba ka iyawa sauka ka taka," in ji Dogo. "Ƙazantar 'yan boko ce, ta 'yan'uwanka, ba daga gida ta zo da ita ba."

Na koma wurina. Gilashin ƙofar ya nuno mini kaina: kaki a goge, hula a daidai. Na tofar da yawu.

Ranar jarrabawarta ta ƙarshen zango ruwa ya kece tun asuba. Ƙa'idarsu, wanda ya yi lattin rabin awa ba ya shiga, sai baɗi. Tara za a fara. Motar Dogo ba ta iso ba sai tara saura biyar, ruwa ya tare hanya. Ɗalibai suka dirgo, suka ruga bakin lungu, suka ja birki. Duwatsun sun nutse. Ruwan ya kai gwiwa, abin da ke yawo a kai ba sai na faɗa ba. Maza suka fara naɗe wando. Wata ta yi amai a jikin katanga.

Auta ta sauko a ƙarshe. Ta kalli lungun daga nesa. Ta kalli agogonta. Sannan ta ga hannuna a aljihu.

"Kada ka yi, Yaya."

"Matsa."

"Za su kore ka. Umma fa?"

"Na ce matsa."

Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da na buga shi da kulki. Na zare sarƙa, na tura gilashin. Ƙyallen ban taɓa ɗaurinsa ba, ɗaga shi na yi sama da kaina.

Ta hau gangaren. Tun tasowarmu ban taɓa ganin ta tafi wani wuri ba tare da kallon ƙasa ba. Ranar kanta a ɗage, sandunan na bugawa a daidai, ƙwas, ƙwas. Ta sunkuya kaɗan ta wuce ƙarƙashin hannuna.

Wani ya hango daga bakin lungu ya yi ihu. Sai ga su. Dogo ya danne oda kamar an ɗaura aure. Wasu motoci biyu suka sauke nasu, duk suka biyo. Ni kuwa ina tsaye hannu a sama riƙe da ƙyalle, kamar wawa, har kafaɗata ta yi tsami. A haka Saje ya same ni.

Bai yi faɗa ba. Hannu ya miƙo. Makulli, kulki, hula.

Na ji daga baya sau biyu aka wanke daɓen da sabulu. Aka sa sabon kwaɗo, sabon ƙyalle. A rahoto aka rubuta cewa ba a buɗe ƙofa ba, gwada kwaɗo aka yi. Tun da ba a buɗe ba, ba a kore ni don buɗewa ba. Takardata cewa ta yi na bar wurin aiki.

Auta ta rubuta jarrabawarta. Ni na zauna gida. Umma ba ta yi mini faɗa ba, sai dai ta rage magana da kowa. Aljihun ta ɗinke, bai sake hujewa ba.

Bayan sati uku wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya bakin layinmu. Hajiyar ofishin baƙi ce ta jami'a, ita ke shirya bukukuwa. Turarenta ya cika mana ɗaki. Ta zauna a gefen kujera, jaka a cinya, kamar kujerar za ta cije ta.

"An sa rana," ta ce. "Wannan karon tabbas ne. Muna son ɗaliba irinki ta zama ta farko da za ta hau gangaren, da zarar an yanka ƙyalle. Hoton zai shiga ko'ina."

"Ta farko?" in ji Auta.

"Ta farko. Babbar karramawa ce, 'yata."

"Ai ta riga..." na fara. Umma ta taka mini ƙafa.

Hajiya ba ta ko waiwayo ni ba. "Shi ma ɗan'uwan naki an ce a yi masa afuwa. In komai ya tafi daidai ya koma bakin aikinsa."

"Ba ma so," na ce.

"Ƙarfe nawa?" in ji Auta.

"Goma. Ki sa fararen kaya, sun fi fitowa."

Tana fita na juya kan Auta. "Biri za su mai da ke? Ki yi musu rawa su tafa?"

"In rawar ce za ta buɗe ƙofar, kawo ganga."

"Don ni kike yi. Ban roƙe ki ba."

"Ji shi! Don kai? Shekara uku suka rage mini a ginin nan, Yaya. Kai ka taɓa bin lungun nan da sanda? Ka taɓa binsa ma?"

Ban taɓa ba.

Ranar ta zo. Umma ta goge mata farar doguwar riga da farin mayafi, ta wanke sandunan har suna ƙyalli. Na raka ta. Muka shiga motar Dogo ƙarfe tara.

Hajiya ta tuna launin kaya, ta tuna inda masu hoto za su tsaya. Ba ta tambayi yadda Auta za ta zo ba. Ita da mota take zuwa aiki, duk masu shirya bikin haka. Tun daga mahaɗa 'yan sanda suka gindaya shinge: ba bas, ba mai ƙafa, babban titi na ayarin baƙi ne. Dogo ya leƙo.

"Yallaɓai, amaryar bikin ce a motata fa!"

"Tana da kati?"

Ba wanda ya ba ta kati.

Aka karkatar da mu titin kasuwa. Daga nan hanya ɗaya ce zuwa gaban ginin: lungu, tun daga farkonsa har ƙarshe. Ƙofar shara ma an garƙame ta ranar, wai tsaro. An yi ruwa jiya.

"Hau bayana," na ce.

"A'a."

"Auta, kayanki."

"Riƙe mini jaka kawai."

Na bi shi. Karon farko. Ruwan ɗumi ne da shi. Ya shiga takalmina yana motsi tsakanin yatsu. Bututun na nan a jikin katanga, baki buɗe, yana aikinsa. Daga can gaba muna jin kiɗa da lasifika. Auta na gabana, tana laluben dutse da kan sanda, ta dafa, ta ja ƙafa. Ta san kowane dutse. Gefen rigarta ya sha har ƙauri.

Goma da minti ashirin da biyar muka ɓullo.

An riga an yanka. Ƙyallen na ƙasa gida biyu. An shimfiɗa jan kafet tun daga rumfar jira har saman gangaren. Babban Baƙo na tsaye a can sama, almakashi a hannu, gumi na bin wuyansa, manya sun kewaye shi. Jira suke. Hajiya ta hango mu ta taho da sauri, tana kusowa ta tsaya cak.

"Innalillahi! Me ye wannan? Ba farare na ce ba?"

"Farare ne, Hajiya," in ji Auta.

Ba lokacin canji. Mai lasifika ya riga ya sanar. Aka fara tafi.

Ta hau kafet. Kowane taku sawu ɗaya baƙi, da jan layi inda ƙafar hagu ta bi, da ɗigo biyu na sanduna. Ba ta yi sauri ba. Tafin ya yi ta raguwa daga gaba zuwa baya, yadda warin ke tafiya. Na ga hankici na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Hajiya na raɗa wa masu hoto, tana nuna ƙugunta: daga nan zuwa sama.

Da ta kai, Babban Baƙo ya yi murmushi, ya ɗan ja baya.

"Sannu, 'yata. Daga ina haka?"

"Daga hanyarmu, ranka ya daɗe. Ta ɗalibai. Tana nan bayan katanga, in za ka gani."

"Madalla, madalla," ya ce, idonsa na kan mai hoto. Wani ya kama gwiwar hannunsa aka yi ciki da shi. Jiniya ta tashi kafin azahar.

Hoton ya fito. Daga ƙugu zuwa sama. Ta yi kyau.

An mayar da ni. Saje ya miƙo mini hula da kulki bai kalle ni ba. Makulli kuwa ba a bukatarsa, ƙofa a buɗe take daga bakwai zuwa shida.

Kwana huɗu ɗalibai suka yi suna sauka a rumfa suna shiga kamar mutane. A na biyar aka kafa allo. An hana bas tsayawa a gaban ginin: hayaƙi na ɓata gilashi, hayaniya na damun ofisoshi. Aka zana fararen layuka a gaban rumfar, wurin ajiye motocin manyan ma'aikata. Matsayar bas ta koma titin kasuwa. Daga can ƙofar shara ta fi kusa. Bututu kuma an ce sai bayan damina, kwalta ba ta son tono da ruwa.

"Sabon aikinka," in ji Saje. "Duk bas ɗin da ta tsaya nan, ka je ka kore ta. Da kanka. Ka ji ko?"

"Na ji."

Washegari takwas saura kwata motar Dogo ta taho. Tana kawowa daidai rumfa ta yi tari biyu ta mutu. Ya fito yana salati, ya ɗaga murfin inji, ya cusa kai.

"Wannan mota ta ishe ni! Jama'a, mai sauri ya sauka, ba ruwana!"

Suka sauko. Auta ce ta ƙarshe kamar kullum.

Saje ya leƙo daga ɗakin gadi. "Kai! Me kake jira?"

Na gyara hula. Na duba igiyar takalmina, ta yi sako-sako, na ɗaure. Na fara saukowa. A tsakiyar gangaren muka haɗu da ita, na matsa gefe na ba ta hanya, haka aka koya mana.

"Maigadi, ina kwana," ta ce.

"Wuce, malama."

Da na kai bakin titi na waiwaya. Ta shige.

"Direba, ba a tsayawa nan."

"Ni na tsaya? Ita ta tsaya. Yi mata magana." Ya taɓa wata waya, ya rufe murfin, mota ta tashi da bugu ɗaya. "Gobe ma ina jin jikinta ba daɗi," ya ce.

Yau sati shida. Kullum a wurin take mutuwa. Saje ya kai rahoto sau biyu, ya ce da hannuna a ciki. Ban musa ba. Sauran motocin na sauke nasu a titin kasuwa, kuma in iska ta juyo daga bayan katanga har nan nake jin warin, a gaban gilashi da furanni.

Daga ƙofa zuwa rumfa taku talatin ne. Ni a sittin nake yin su.